Shekarar da Na Ce Kaina Ke Ciwo

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya san abin da ke ƙarƙashin zanen kowa. Rabi ce ke riƙe da alƙalami, ni ke magana. In kun ga wata kalma ta yi tsauri kada ku ga laifinta, ta roƙe ni in sassauta, na ƙi. Ku biyar ne kuka rayu cikin waɗanda na haifa, kuma na san abin da kuke faɗa a bayan idona game da shekarar da na bar ɗakin babanku. Wasu cikinku na cewa zuciya ce, wai Inna da ma ba ta da haƙuri. Wasu na cewa 'yan bori ne suka juya mini kai. Babbanku, ɗan farina, ba ya cewa komai, amma shi ya fi kowa riƙe abin. Shekara talatin da wani abu ke nan yana aiko mini da hatsi da atamfa kowace salla, yana gaishe ni daga bakin ƙofa, bai taɓa zama ya sha ruwa a ɗakina ba. Yau zan faɗi yadda aka yi, in ya so kowa ya yanke hukuncinsa bayan ya ji.

A lokacin Nasara na nan, ba a ma fara zancen tafiyarsu ba. Babanku masunci ne a tafkin Madarumfa, ni kuma nake ƙyafe abin da ya kamo, in loda wa jaki mangala, in hau, in kai kasuwar Ɗan Issa. Ba yabon kai ba, tarwaɗata ba ta kwana a kasuwa. Mu biyu ne kawai a gidan da ku yara, ba mu da abin faɗa sai irin na yau da gobe, wa ya bar taru a rana, wa ya ƙona kifi. Sai jinina ya fara yi mini wasa. Wata biyu ba na fashin salla, a na uku ya zo kamar an ɓalle madatsi, sannan ya sake ɓacewa. Ina tsaye cikin sanyin safiya sai zufa ta karyo mini har ta jiƙa ɗankwali. Wannan duk ban damu da shi ba, na ga iyayena mata sun yi. Abin da ban taɓa ji a bakin kowa ba shi ne wanda ya biyo baya. Gabana ya bushe, ya ɗauki zafi kamar an shafa mini barkonon tanka, daga bakin wurin har ciki. Ba ƙurji, ba ruwa, ba wari. In na yi fitsari raɗaɗi, in zane ya goge ni raɗaɗi, in na zauna kan tabarma sai in ji kamar a kan garwashi na zauna. Wata ranar kuma in tashi garau, har in ce Allah ya yaye, kafin azahar ya dawo.

Jaki na fara bari. Na koma tafiya a ƙasa ina janye da shi har Ɗan Issa, mata na yi mini dariya wai na fi tausayin jaki da ƙafafuna. A kasuwa na koyi dabara. Gammon da nake ɗaukar kaya da shi nake warwarewa in sake naɗe shi da faɗi, in ajiye ƙarƙashin zane in zauna a kai, wurin ya tsaya a ramin tsakiya bai taɓa ƙasa ba. Ba wanda ya lura, ko in ce ba wanda ya nuna ya lura.

Abin da gammo bai iya gyarawa ba shi ne tsakanina da babanku. Ku manya ne yanzu, ba sai na yi muku dalla-dalla ba. Abin ya gagare ni ƙwarai, na fara neman dalili, yau gajiya, gobe zazzaɓi. Mutum ne mai kawaici, ya ɗauki watanni bai tanka ba. Ran nan da hantsi yana ɗinkin taru a gindin itacen bedi, ya ce ba tare da ya ɗago kai ba:

"Wai ni, mi na yi miki?"

"Ba ka yi mini komi ba. Marata ce ba lahiya."

Mara na ce, don nan ne iyakar inda bakina ya iya sauka. Shekara ashirin da tara muna tare, ko sunansa ban taɓa kira ba, ina zan iya kiran sunan wancan wuri a gabansa da rana tsaka? Shi kuma, bawan Allah, ya tashi ya tafi wurin malamin unguwa. A gaban malam shi ma kunya ta kama shi, bai iya cewa marar matarsa ba, ya ce ciki. Malam ya yi rubutu ya haɗa da saiwar kashe tsutsa. Kwana uku ina zarya bayan gida, babanku na tambayata ko an samu sauƙi, ina cewa da sauƙi.

Daga nan na je wurin Dije unguwarzoma, wadda ta yanke cibiyarku duka. Ita kaɗai na iya buɗe wa zane. Ta ja ni bakin ƙofa inda haske yake, ta duba, ta sake dubawa, ta taɓa da ɗan yatsa, na yi ƙara har kajinta suka watse.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ni ban ga komi ba. Wuri lahiya lau, sai dai ya ɗan koɗe."

"To mi ne ne, Dije?"

"Ko dai ciki ne ya kwanta miki, shi ya riƙe jinin. Ko zahi ne ya taru. Ko sanyi. Amma ni na hi zaton gishiri ne. Ki bari in sa aska in ɗan tsaga, baƙin jini ya hita, ki huta."

Na fito daga ɗakinta da cuta huɗu, ni da na shiga da ɗaya. In zafi ne, a sha abu mai sanyi. In sanyi ne, a zauna cikin ruwan zafi. Na yi duka biyun, wani lokaci a rana ɗaya. Na shiga ruwan bagaruwa, ya ƙara busar da ni. Na yi turare da garwashi ƙarƙashin zane, na kusa suma. Askar ce kawai na ƙi, don na san wata mata a unguwarmu da aka yi wa yankan gishiri, tun daga ranar fitsari bai sake tsaya mata ba, ta ƙare rayuwarta a bukka bayan gida tana wanke tsumma. Duk ruɗewar da na yi, wannan kam ban yi nadamar ƙinsa ba.

Maganar bori kuwa gaskiya ce na je, sau ɗaya. Wata mai sayen kifina, cikin Anna marasa salla da ke ƙauyukan wajen garin Sarkin Yamma, ta ga yadda nake zama, ta ce in zo wurin gwaggonta. Na fake da kai kifi na tafi. Tsohuwa ce mai fara'a, ta ba ni fura, ba ta ko nemi ganin wurin ba. Ta watsa kuɗin wuri a ƙasa ta dube su, ta ce:

"Ke mai aikin wuta ce a bakin ruwa. Kin zubda toka mai zahi inda Doguwa ta shimhiɗe ɗanta. Inda kika ƙona mata, nan ta ƙona miki."

Na yi ta tunani a hanya. Toka kam na zubar da ita ba adadi, shekara da shekaru, wa ya san kan wa ta faɗa? Na kai farar kaza bakin tafki kamar yadda ta ce, ina yi ina istigfari, ban san ko magani nake ba ko zunubi. Kwana biyu ciwon ya lafa, na ce to ashe Doguwa ce. Rana ta uku ya dawo har ya fi da. Wani kuma ya gan ni da kazar ya kai wa babanku labari, shi kuma ya yi kwana bakwai ba ya cin tuwona.

A cikin wannan hali na fara zargin kaina. Ciwon da ido bai gani ba, unguwarzoma ba ta gani ba, yau yana nan gobe babu, anya ciwo ne? Ko haukan da ake cewa yana kama mata in jini ya ɗauke ne ya fara mini ta ƙasa? Ba magani nake nema ba a lokacin kamar yadda nake neman wanda zai ce mini, abin nan sunansa kaza, wance ma ta yi shi. Ko da zai ce ba ya warkewa, in dai da suna, zan iya kai wa babanku in ajiye a gabansa.

Dije ce ta kawo zancen Maraɗi. Ta ce akwai lokotoro, wato likita Nasara, a asibitin sabon gari, yana da fitila da ƙarfen da yake duba cikin mutum da su, kuma shi ba ya jin kunya, ba a kuma jin kunyarsa, tunda ba ɗan kowa ba ne a nan. Wannan magana ta shige ni. Baƙo ne, ba zai gan ni a biki ba, ba zai gaya wa kowa ba. Na ce wa babanku zan je, ya yi murna har ya ba ni jakin, ya manta ba na hawa. Bayan girbin gyaɗa ne. Na kama hanya da sassafe, ina tafe ina koya wa bakina maganar. Jakin nake faɗa wa. In ce, "Gabana ke ciwo, shekara guda ke nan," in duba ko wani na bayana, in sake faɗa da ƙarfi. Kafin in hango rufin kwanon Maraɗi na faɗe ta ta fi sau ɗari, har ta daina yi mini nauyi.

Sai na tsaya nan in yi muku bayanin abin da ku 'yan yanzu kuke ɗauka wasa. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ranar da dogarai suka zo neman yaran da za a kai lakwal, makarantar Nasara, suka tafi da nawa ɗan farin, ban fito ba, na ɗauki tulu na tafi tafki na yi kukana can, na wanke fuska na dawo. Ɗan Lakwal nake ce masa in dole ta kama. Ya yi karatu, ya zama mai taimakon lokotoro, yana yin allura yana kuma juya magana daga Faransanci zuwa Hausa. A sanina yana Tasawa. Ban san an maido shi Maraɗi a watan nan ba, saƙon bai riga ya iso gida ba.

Na ɗaure jaki, na bi layi a gindin itace, a tsaye, har rana ta take tsaka. Aka kira ni. Ɗaki ne fari mai warin magani, ga Nasara jajir da shi yana zaune bayan tebur, ga wani dogo da farar riga ya ba ni baya yana wanke hannu a kwano. Tun daga ƙeyarsa na gane shi. Ƙeyar babanku ce sak. Ya juyo, muka yi ido huɗu, abin da ba mu taɓa yi ba tun yana goye. Ya yi maza ya sunkuyar da kai ya rusuna.

"Inna. Kun zo lahiya?"

Na dubi bango. Nasara ya nuna mini benci. Gammona na can wurin jaki, sai na ɗosana da gefe ɗaya, na tokare da hannu. Ya yi magana, yaron ya juya, idonsa na ƙasa:

"Ya ce mi ke damunku."

Maganar na nan a bakina, wadda na koya tun daga Madarumfa. Na buɗe baki. Na dubi ƙafafun yaron cikin takalmin Nasara, na tuna ta inda ƙafafun nan suka fito duniya, kuma wurin ne zan kira masa da bakina, shi kuma ya ɗauka ya juya wa wani namiji. Hannuna ya tashi da kansa, ban aike shi ba, ya dafa goshina.

"Kai," na ce. "Kaina ke ciwo."

Nasara ya taso ya buɗe idona, ya sa na fito da harshe, ya ɗora ƙarfe mai sanyi a bayana. Ya koma ya zauna, amma bai rubuta komai ba. Ya tsaya yana kallon yadda na karkace a kan bencin. Ya nuna bencin da alƙalami, ya yi wata tambaya mai ɗan tsawo. Na jira a juya mini. Na ga zufa ta tsattsafo wa yaron a goshi. Nasara ya maimaita. Sai yaron ya amsa masa da kansa, gajeriyar magana, bai ce mini komai ba. Nasara ya ɗaga kafaɗa, ya ba ni farin ƙwayoyi cikin takarda, aka kira na bayana. Yaron ya biyo ni waje yana cewa in tsaya in ci abinci a gidansa, na ce rana na yi, na kwance jakina. Har na iso gida ban ce wa jakin uffan ba. Ƙwayoyin kuwa na shanye su tas, na ciwon kan da ba ni da shi, ina fatan ko za su ɓata hanya su sauka ƙasa.

Bayan sati uku ya zo gida ganin babansa. Suna zaure da la'asar, ina bayan zana ina tankaɗe, ina jin su. Babanku ya tambaye shi abin da lokotoro ya gani.

"Baba, da kunnena na ji. Kai ta ce. Lokotoro ya duba ko'ina bai ga komi ba."

"Ba ta ce mara ba?"

"Ba ta ce ba."

Washegari da safe, bayan yaron ya koma, babanku ya same ni a wurin banda ina hura wuta. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Ni kin ce mini mara. Likita kin ce mishi kai. Dije ta ce ba ta ga komi ba. Shekara guda ina bin malamai. In ni ne ba ki so, ki hwaɗi, ba a zama dole."

Ga ƙofa a buɗe, da na faɗa masa a lokacin. Amma me zan ce? Ciwon da ba shi da suna, ba shi da shaida, wanda ni kaina na ƙaryata shi a gaban ɗana? Kuma can cikin raina, Allah ya gafarta mini, wani abu ya ce in na tafi ba wanda zai sake taɓa ni, zan huta. Ina son mutumin nan, ina kuma tsoron hannunsa, ban san wanne ya fi ƙarfi ba. Na ci gaba da hura wutar har hayaƙi ya ba ni dalilin hawaye, na ce:

"Ka sawwaƙe mini."

Ya sawwaƙe. Na koma gidan yayana a ɗaya gefen garin, da Rabi da autana. Shekara shida babanku ya yi bayan haka. Duk ranar da kamu ya yi kyau sai in tarar da tarwaɗa biyu a rataye a ƙofar gidan yayana, ba a ce daga wa ba. In mun haɗu a hanyar tafki ya ce, "Ina kan?" in ce, "Da sauƙi." Har ya koma ga Allah yana zaton ƙinsa na yi. Wannan shi ne abin da ya fi ciwon ci mini rai, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa sai kaina.

Ciwon bai tafi ba, sai dai ya tsufa tare da ni. Man kaɗanya da ruwan randa mai sanyi sun fi duk abin da aka ba ni amfani. Har yau ban san sunansa ba. Ban san ko zafi ne ko sanyi, ko Doguwa, ko wani abin da Nasara ke da shi a littafinsa. Na so in tafi da maganar kabari, kuma da na tafi da ita, ba don abin da na gani watan jiya ba. Rabi ta zo gaishe ni, na shimfiɗa mata tabarma, sai na ga ta cire mayafi ta naɗe shi gammo, ta tura ƙarƙashinta tana waige-waige. Ta kai shekarun da nake da su a waccan shekara. Na ce mata, tun yaushe? Ta ce wai ƙugunta ne. Na ce ƙarya kike, ɗiyata, ni na ƙirƙiro wannan ƙaryar. Ga ta nan tana rubutu tana kuka, tana cewa kada in sa wannan. Rubuta, Rabi, kada ki tsallake ko harafi.

Saura kai, ɗan farina. An ce mini yanzu akwai likitoci mata a Maraɗi, kuma ka san su, tunda a cikinsu ka yi aiki har ka huta. Ka ɗauki ƙanwarka ka kai ta, ka tsaya a waje, ka bar ta ta yi magana da bakinta. Ba ka yi wa babanka ƙarya ba, abin da ka ji ka faɗa, ni ce na ba ka ƙaryar ka kai. Amma kai ma akwai abin da ka riƙe. Nasaran nan ya nuna benci ya yi tambaya har sau biyu, ba ka juya mini ba. Shekara talatin da wani abu ina juya tambayar nan a raina, ban san me ya ce ba, ban san me ka amsa ba.

Isuhu. Ga shi na faɗa, Rabi ta rubuta, ban mutu ba. Isuhu, ba kaina ke ciwo ba ranar nan. Gabana ne, ta inda ka fito. In wannan takarda ta same ka, ka zo, kada ka tsaya a bakin ƙofa. Ka shigo ka zauna, in ba ka ruwa, ka gaya mini abin da lokotoro ya tambaya.